Rollstuhlfahrer ko me? Yadda ake ambaton mai keken guragu da Jamusanci

Wata 'yar'uwa ce ta aiko da tambaya: "Ina koyon aikin kula da tsofaffi a Jamus, watana huɗu ke nan. A rahoton da na rubuta na ce wani dattijo 'ist an den Rollstuhl gefesselt', don haka na taɓa gani a jarida. Shugabar sashenmu ta ja wa jimlar layi da jan biro, ba ta yi mini bayani ba. Mene ne laifinta? Wace kalma ce daidai ga mai amfani da keken guragu, kuma yaya ake juya ta ga namiji da mace da jam'i?"

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Nahawun jimlarki ba shi da aibu, da a jarrabawa ce da kin ci makinki cif. Saboda aikatau ɗin ne aka ja layin. Fesseln ɗaurewa ne, irin ɗaurin da ake yi wa ɓarawo da igiya ko ankwa, die Fessel kuwa ita ce mari ko sarƙa. In aka bi maganarki kalma-kalma, cewa kika yi an ɗaure dattijon a jikin kekensa. A jarida tsohuwar karin magana ce da ake jefawa ba tunani. A rahoton gidan tsofaffi ta fi haka haɗari, domin ɗaure mutum a kujera ko a gado abu ne da ke faruwa da gaske, sunansa Fixierung, kuma doka ba ta yarda a riƙa yin sa ba sai da yardar mutumin ko izinin kotu. Mai binciken da ya karanta takardarki yana iya tambayar ina izinin yake. Ina kyautata zaton abin da ya fara faɗo wa shugabarki a rai ke nan.

Su ma masu keken sun daɗe suna ƙorafi a kan wannan magana. Hujjarsu ita ce keken ne ya raba su da zaman ɗaki, shi ya kai su makaranta da kasuwa da wurin aiki, to ta yaya za a kira shi mari? Har ba'a suke yi, wai in ka gamu da wanda aka ɗaure a keke, ka taimaka ka kwance shi. A 2012 ƙungiyar Sozialhelden, wadda Raúl Krauthausen ke cikin waɗanda suka kafa, ta buɗe wani shiri mai suna Leidmedien don jan hankalin 'yan jarida kan irin waɗannan kalmomi. Sunan kansa wasa ne da harshe: Leitmedien manyan kafofin labarai ne, Leid kuwa wahala ce, kuma a bakin Bajamushe d da t na ƙarshen gaɓa sauti ɗaya suke fitarwa. Ki tuna da marigayi Wolfgang Schäuble, wanda aka harba a 1990 ya koma keke, ya riƙe ma'aikatar kuɗi daga 2009 zuwa 2017, sannan ya shugabanci majalisar dokoki ta Bundestag. Wa zai dubi rayuwarsa ya ce ɗaurarre ne?

Shi keken sunansa der Rollstuhl, jam'i die Rollstühle. Rollen gangarawa ce, Stuhl kujera. Harɗaɗɗen suna a Jamusanci daga ƙarshe ake karanta shi, akasin Hausa. Mu muna cewa keken guragu, jigon kalmar na gaba. Su jigon na baya, kuma shi ke ba wa kalmar jinsinta. Shi ya sa ake cewa der Rollstuhl saboda der Stuhl, amma die Rollstuhlrampe saboda die Rampe, das Rollstuhlsymbol saboda das Symbol.

Akwai ramuka biyu a nan da na ga mutanenmu na faɗawa, na farkon ma ni na fara faɗa masa. A shekarata ta farko na je duba wani aboki a asibiti, an sallame shi amma ƙafa ba ta takuwa. Na haɗa fahren da Stuhl a kaina, na tari wata ma'aikaciya na ce, "Wo ist der Fahrstuhl?" Ta nuna mini ƙarshen baranda. Na je na tsaya gaban wata ƙofar ƙarfe ina waige-waigen kujera mai taya, sai ƙofar ta buɗe mutane suka fito. Fahrstuhl lif ne, na'urar hawa bene, wanda kuma ake kira Aufzug. Rami na biyu ya fi shafar aikinki: kada ki gajarta Rollstuhl ki ce Stuhl kawai a gaban ma'aikatan jinya, domin a bakinsu Stuhl bayan gida ne, daga Stuhlgang. Wani ɗalibina ya taɓa cewa a wajen miƙa aiki, "Sein Stuhl ist zu hart", yana nufin mazaunin keken ya yi wa dattijo tauri, a sa masa matashi. Abokan aikinsa suka hau tambayar kwana nawa rabon mutumin da ya zaga. Kada kuma ki haɗa shi da der Rollator, wancan abin turawa mai taya huɗu da tsofaffi ke dafawa suna tafiya da ƙafarsu.

Mutumin kuwa der Rollstuhlfahrer ne, mace die Rollstuhlfahrerin. Ita ce kalmar yau da kullum, ba ta da zafi, za ki ji ta a tasha da asibiti da labarai, masu keken ma da ita suke kiran kansu. Abin da nake so ki lura da shi shi ne fahrer ɗin nan. Bajamushe ya raba tafiya gida biyu: gehen da ƙafa, fahren da abin hawa mai taya ko injin, ban da jirgin sama. Mai tuƙa mota Autofahrer, mai keken hawa Radfahrer, direban bas Busfahrer. Rollstuhlfahrer ya shiga layinsu ke nan, a matsayin matuƙi. Kalmarmu ta Hausa ta sa wa keken sunan lalurar mai shi. Tasu ta sa wa mutumin sunan aikin da yake yi. Ana cewa "Sie fährt Rollstuhl" kamar yadda ake cewa "Sie fährt Auto", ba tare da ein ko den ba, kuma a rarrabe ake rubuta su.

Wannan aikatau yana da wani hali da zai amfane ki wajen rubuta rahoto. Idan mutum shi ya kai kansa, shuɗaɗɗen lokaci da sein ake gina shi: "Er ist in den Garten gefahren." Idan wani ne ya kai shi, sai a koma haben, mutumin ya zama karɓau: "Ich habe ihn in den Garten gefahren." Kin ga ist da habe kaɗai sun gaya wa mai karatu ko dattijon na iya tuƙa kansa ko sai an tura shi. Sababbin ma'aikata sun fi son jimla ta biyu, don su nuna sun yi aiki, ko da kuwa rakiya kawai suka yi. Ki rubuta abin da ya faru. Turawa zalla kuwa schieben ce: "Ich habe ihn geschoben."

Juya sunan ba wuya. Jam'in maza bai canza ba, die Rollstuhlfahrer, na mata die Rollstuhlfahrerinnen. Mallaka des Rollstuhlfahrers. Wurin da kusan kowa ke mantuwa shi ne jam'i a Dativ, siffar da suna ke ɗauka bayan kalmomi irin su helfen da mit, inda ake ƙara n: "Wir helfen den Rollstuhlfahrern", "Platz für Rollstuhlfahrer" amma "mit Rollstuhlfahrern".

In ana son haɗa maza da mata, nan ne rigimar Jamusawa take, rigimar da ba ta da alaƙa da keke. Wasu na rubuta duka biyu, Rollstuhlfahrerinnen und Rollstuhlfahrer. Wasu na sa tauraro ko ɗigo biyu a tsakiya, Rollstuhlfahrer*innen ko Rollstuhlfahrer:innen, a furta da ɗan tsayawa a maƙogwaro kafin innen. Wannan tsayawar mu ba baƙuwarmu ba ce, ita ce hamzar da ke cikin sa'a da jam'i. Hukumar da ke kula da ƙa'idojin rubutun Jamusanci ba ta shigar da waɗannan alamomi cikin ƙa'ida ba, jihar Bavariya ma ta hana su a wasiƙun hukuma da makarantu tun 1 ga Afrilu 2024, alhali wasu jami'o'i da ƙungiyoyi a wasu jihohin sun rungume su. Hanya ta uku ita ce die Rollstuhlfahrenden, wato masu tuƙawa, wadda aka ƙera daga aikatau. Amfaninta a jam'i kawai yake, domin a tilo jinsi ya dawo: ein Rollstuhlfahrender, eine Rollstuhlfahrende. Shawarata, a jarrabawa ki rubuta duka biyu a cike, a wurin aiki ki bi abin da takardun gidan ke yi. Ba faɗanki ba ne.

Rollstuhlnutzer da Rollstuhlnutzerin, daga nutzen, amfani da abu, sun fi fitowa a takardun gine-gine da na hukuma. Suna da wata fa'ida: mutane da yawa ba kullum suke keke ba, wata mai ciwon jijiya tana takawa a ɗaki, sai za ta nisa ta hau. Kada ki yi mamaki in kin ga mai keke ya miƙe ya ɗauko abu a kanta a shago, ba algus ba ne. Der Rolli kuma sunan wasa ne na keken, mai shi Rollifahrer, na lantarki E-Rolli. Masu keken na faɗarsa da sakin fuska, ke ma kina iya faɗa a hira in mai shi ya fara, amma ba a rahoto ba. Kuma Rolli keken ne. Kiran mutum da shi sai wanda kuka saba.

Sai zama da zaunarwa, inda kalmar in ta Jamusanci, wato a ciki, ke rikita ɗalibai. Tambaya biyu ce: wo, yana ina, ko wohin, ina za shi. "Er sitzt im Rollstuhl", yana zaune a ciki, Dativ, im daga in dem. "Er setzt sich in den Rollstuhl", yana shiga, Akkusativ, wato siffar karɓau. Sitzt im Rollstuhl magana ce karɓaɓɓiya, haka ma "ist im Rollstuhl unterwegs". Ga aikinki, ki gwada waɗannan biyun a kunnenki: "Ich setze ihn in den Rollstuhl" da "Ich helfe ihm in den Rollstuhl." A ta farko kin ɗauke shi kin ajiye kamar tulu. A ta biyu helfen ta jawo ihm, shi ke shiga, ke taimako kika yi. Duk biyun daidai ne a nahawu, kuma akwai majinyacin da ta farkon ce gaskiyar halinsa. Amma in yana dafa ƙarfe yana juyawa da kansa, ta biyun ce tasa. Akwai kuma "auf den Rollstuhl angewiesen sein", dogaro da keke, auf ɗin da Akkusativ ko da yake babu motsi. Haddacewa ake yi. Likitoci da kamfanonin inshora na amfani da ita sosai, ba zagi ba ce, sai dai tana kallon abin ta fuskar rashi.

Ba ki tambayi behindert, wato mai nakasa, ba, amma ba yadda za a yi ki kauce mata. Asalinta aikatau ne, behindern, tare wa abu hanya: motar da aka ajiye a tsakiyar titi "behindert den Verkehr". Jamusanci na da hanya biyu ta faɗin abin da aka yi wa mutum. Da sein ana faɗin halin da yake ciki, "Die Tür ist geschlossen", ƙofa a rufe take. Da werden ana faɗin aikin da ake yi, "Die Tür wird geschlossen", ana rufe ƙofa, akwai mai rufewa. Masu fafutukar haƙƙin nakasassu suka ɗauki wannan bambanci suka mai da shi take: "Behindert ist man nicht, behindert wird man." Wato ba mutum ne tararre ba, tare shi ake yi: matakala uku a ƙofar kantin magani, lif da ya lalace a tashar jirgin ƙasa, banɗakin da keke ba ya shiga. Ban san wani darasin nahawu da ya fi wannan shiga kan ɗalibai ba. Da zarar na rubuta shi a allo, sein da werden sun zauna.

Saboda wannan fahimta ne da yawa ba sa ƙyamar sifar, suna cewa "ich bin behindert" kai tsaye, ko behinderte Menschen. Abin da aka fi gudu shi ne mai da sifar suna tsirara, der Behinderte, die Behinderten, kamar lalurar ce duk mutumin. Harshen doka da na hukuma yanzu Menschen mit Behinderungen ne, wato mutane masu nakasa. Duk da haka ki iya juya tsohuwar, don za ki ci karo da ita: ein Behinderter, eine Behinderte, viele Behinderte, kamar ein Deutscher da eine Deutsche. Babu wata kalma wai Behindertin. Mensch kuma yana ɗaukar en a ko'ina ban da inda yake aikau tilo: der Mensch, amma den Menschen, dem Menschen. In kin ji samari a bas suna ce wa juna "Bist du behindert?", zagi ne, haka ma Spasti, kada su shiga bakinki.

Ruwa ba ya tsami banza. Tsakanin 1940 da 1941 gwamnatin 'yan Nazi ta kashe fiye da mutum 70,000 masu nakasa da taɓin hankali da iskar guba a shirin da aka sani da T4, bayan an riga an laƙaba musu "lebensunwertes Leben", rayuwar da ba ta cancanci rayuwa ba. Ƙasar da ta ga haka dole kunnenta ya yi kaifi a kan kalma. Krüppel, wadda ta fi kusa da gurgu ko musaki, yau zagi ce mai nauyi, ko da yake a wajajen 1980 wasu masu fafutuka sun ɗauke ta da gangan suka kira tafiyarsu Krüppelbewegung. Ɗaya daga cikinsu, Franz Christoph, har ya kai wa shugaban ƙasa Karl Carstens duka da sandar dogarawarsa a 1981. Invalide daga Latin take, ma'anarta maras ƙarfi, ta tsufa. A 1994 aka ƙara wa sashe na 3 na tsarin mulki jimlar "Niemand darf wegen seiner Behinderung benachteiligt werden", kada a tauye kowa saboda nakasarsa. Babbar ƙungiyar agajin nan da aka kafa a 1964 da sunan Aktion Sorgenkind, yaron da ake damuwa da shi, a 2000 ta koma Aktion Mensch.

A nan sai ki yi hattara da fassara daga Hausa. A gida gurgu kalma ce ta yau da kullum, har Sarkin Guragu gare mu, amma in kika buɗe ƙamus ya ba ki Krüppel ko lahm kika ɗauka, kin ɓaro aiki. A ɗaya gefen, rediyoyinmu sun koya mana "masu buƙata ta musamman" a matsayin ladabi, sai mutum ya zaci "Menschen mit besonderen Bedürfnissen" ita ce mafi tsabta. Masu fafutuka da yawa a Jamus ba sa son ta: shiga banɗaki da hawa bas, in ji su, buƙatar kowa ce, ba ta musamman ba. Handicap ma haka, ba cinya ba ƙafar baya. In kuma dalilin lalurar ake so, a faɗe shi da sunansa: querschnittgelähmt ga wanda lakarsa ta samu rauni, Schlaganfall ga shanyewar ɓarin jiki, Kinderlähmung ga shan inna. Sannan ki ce "er hat", yana da, maimakon "er leidet an", yana fama da, sai in kin san yana faman. Abin sha'awa, keken nan mai taya uku da ake murzawa da hannu, wanda masu shan inna ke ƙerawa a Kano, yana da kaka a Jamus: wani mai gyaran agogo, Stephan Farfler, daga Altdorf kusa da Nürnberg, wanda ba ya iya tafiya, ya ƙera wa kansa irinsa a 1655.

Harshen ofis zan bi ta kansa da sauri. Schwerbehindertenausweis katin shaida ne da ake ba wanda ma'aunin nakasarsa, Grad der Behinderung, ya kai 50 ko fiye. Haruffan da ke kai suna da ma'ana: G ga mai wahalar tafiya, aG, außergewöhnlich gehbehindert, ga wanda tafiya ta yi wa tsanani ƙwarai, kuma shi ke ba da damar shuɗin katin ajiye mota, B ga mai haƙƙin ɗan rakiya kyauta a bas da jirgin ƙasa. A dokokin hanya za ki ga Krankenfahrstuhl, tsohon suna na keken lantarki da bai wuce gudun kilomita 15 a awa ba. Can kawai Fahrstuhl ɗina ya yi daidai, kuma ba mai faɗarsa a hira. In kuma ana neman gida, barrierefrei, maras shinge, da rollstuhlgerecht, wanda ya dace da keke, ba ɗaya ba ne. A ƙa'idar gini ta DIN 18040, na farko ƙofar ɗaki mai faɗin santimita 80 da filin juyawa 120 sau 120 ya wadatar, na biyu sai 90 da 150 sau 150. Seniorengerecht, wai ya dace da tsofaffi, da dillalai ke rubutawa a talla ba ta ɗaure kowa da komai ba.

A magana baki da baki, kada ki riƙa tauna harshe don gudun gehen. Mai keke na cewa "Ich gehe einkaufen", ke ma ki ce masa "Gehen wir spazieren?" ba tare da jin nauyi ba; gyara ta zuwa rollen ne ma ke sa abin ya zama bambaraƙwai. Su kan kira mu masu takawa Fußgänger, musamman a wajen wasan ƙwallon kwando na keke. Ki riƙe Sie har sai an ba ki du, ki guji "Wie geht es uns heute?", yaya muke yau, irin na lallashin yara, ki yi magana da shi ba da mai tura shi ba. Kafin hannunki ya taɓa mariƙin keken ki ce "Darf ich Sie schieben?" ko "Brauchen Sie Hilfe?", in ya ce nein, danke, magana ta ƙare. Abin da ya fi yawa a bakin ma'aikata in aiki ya yi zafi shi ne "der Rollstuhl aus Zimmer 12", keken ɗaki na 12, alhali mutum ake nufi. Za ki ji tsofaffin hannu na faɗa, kada ki koya.

Ga yadda zan gyara layin da aka ja miki: "Herr M. nutzt einen Rollstuhl und bewegt sich damit im Wohnbereich selbstständig fort. Beim Transfer vom Bett in den Rollstuhl braucht er Unterstützung." Ki lura fort ta tafi ƙarshen jimla, don sich fortbewegen rabuwa take yi, kuma selbstständig, wato da kansa, ita ce kalmar da mai karɓar aiki daga hannunki zai fara nema da ido. In ke kika tura shi zuwa cin abinci, sai ki ƙara: "Ich habe Herrn M. zum Speisesaal geschoben", da n a jikin Herr, tunda yanzu shi ne karɓau.